Yadda ake taurara sanholo: gashi, tsomawa a ruwa, da jira

Maƙerin da ya saba da baƙin ƙarfe ya san hanyarsa: a gasa har ya yi ja, a tsoma a ruwa, ya fito da tauri nan take. In ka bi da sanholo haka, abin da za ka ciro daga ruwan mai laushi ne, yana lanƙwasuwa ba gardama. Taurinsa sai daga baya yake zuwa, bayan sa'o'i ko kwanaki, kuma ba kowane sanholo ne ke yin sa ba. Ga wata matsalar kuma: sanholo ba ya nuna launin da ido zai dogara da shi. Tsantsarsa na narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, kuma kana kallonsa fari fat zai zube maka a ƙasan tanderu. Saboda haka duk aikin ya rataya ne a kan sanin irin gamin da ke hannunka da kuma ma'aunin zafi mai gaskiya.

Zan bi aikin da gamin da ake kira 6061, don shi ne ya fi sauƙin samu a matsayin sanda, faranti ko bututu, kuma ya fi sauran haƙuri da ƙananan kurakurai. Inda sauran suka bambanta zan faɗa.

Wane sanholo ne a hannunka?

Sanholon da aka murza ko aka tura ta bakin injin da ke fitar da sanduna da bututu yana ɗauke da lamba huɗu, ta farkon ita ke faɗin abin da aka gama shi da shi. Dangin 2000 an gama su da jan ƙarfe, dangin 6000 da maganiziyam da silikon, dangin 7000 da tutiya da maganiziyam. Waɗannan ukun su ne wuta ke taurarawa. Dangin 1000, 3000 da 5000 kuwa ko ka kwana kana gasa su ba za su ƙara tauri ba, sai dai su yi laushi, domin nasu taurin daga duka da murza yake fitowa. Shi ya sa za ka ga harafin H a bayan lambarsu, kamar 5052-H32.

Haruffan da ke bin lambar su ke faɗin halin da kayan yake ciki. O na nufin an tausasa shi sarai. T4 an gasa, an tsoma, an bar shi ya yi tauri da kansa a zafin ɗaki. T6 an gasa, an tsoma, an sake gasawa a ƙaramar wuta har ya kai ƙololuwar ƙarfinsa. T5 shi ne na yawancin sandunan 6063 da ake haɗa tagogi da ƙofofi da su: suna fitowa daga bakin injin da zafinsu a huce su da iska ko feshin ruwa, sannan a yi musu gashin ƙarshe kawai.

Dubi bambancin a kan 6061 ɗin nan guda. A halin O ƙarfin jansa kimanin MPa 125 ne (MPa, wato megafaskal, shi ne ma'aunin ƙarfin), a T4 kimanin 240, a T6 kimanin 310. Wato a T6 kowane murabba'in milimita ɗaya zai ɗauki wajen kilo 31 kafin ya tsinke. Nauyin da yake fara lanƙwasa shi ba komawa kuwa yana tashi daga MPa 55 zuwa 275, ninki biyar, alhali ba a ƙara masa ko ƙwayar wani abu ba.

In kayan ba su da lamba kuma mai sayarwa bai sani ba, kada ka yi da ka. Yanko ƙaramin guntu ka yi masa dukan matakan nan tukuna, ka ga ko ya amsa.

Abin da ke faruwa a ciki

A shekarar 1906 wani masanin ƙarafa Bajamushe, Alfred Wilm, yana gwaji a Neubabelsberg kusa da Berlin a kan sanholon da aka gama da jan ƙarfe da ɗan maganiziyam. An tsoma samfurin a ruwa a ƙarshen mako, aka auna taurinsa, aka tashi aiki. Da aka dawo ranar Litinin aka sake aunawa, sai aka tarar ya ƙaru sosai, ba wanda ya taɓa shi. Daga nan aka samu gamin Duralumin da kamfanin da ke garin Düren ya riƙa ƙerawa, wanda aka yi ƙashin jiragen Zeppelin da shi. Wilm ya duba da madubin ƙara girma bai ga wani canji ba. Sai a 1919 wasu masana uku, Merica da Waltenberg da Scott, a Amurka suka kawo bayanin da ya riƙe har yau, sannan a 1938 Guinier a Faransa da Preston a Ingila, kowa da nasa binciken, suka gano ƙananan tarin atam ɗin da hasken eksire.

Bayanin bai da wuya ga duk wanda ya taɓa haɗa shayi. Ruwan zafi yana shanye sukari mai yawa, in ya huce sai rarar ta fara kwantawa. Daskararren sanholo ma haka yake da jan ƙarfe: a digiri 548 yana iya shanye kimanin kashi 5.6 cikin ɗari, a zafin ɗaki kuwa abin da yake iya riƙewa bai taka kara ya karya ba. In ka gasa shi har komai ya narke a cikin jikinsa, alhali shi kansa yana nan daskare, sannan ka sanyaya shi farat ɗaya, atam ɗin gamin ba su sami damar fita ba, sun maƙale a inda suke. Da tafiyar lokaci suna tattaruwa su zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, barbaje a ko'ina.

Ƙarfe yana lanƙwasa ne saboda sahun atam ɗinsa na zamewa a kan juna, kuma zamewar tana tafiya ne ta wasu 'yan tangarɗa da ke gusawa a cikin jerin. Ƙwayoyin nan su ke tare musu hanya. In suna da yawa, ƙanana, kusa da juna, tangarɗar ba ta wucewa sai da ƙarfi mai yawa. In aka bar su suka girma, manya suka cinye ƙanana, sai tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe, taurin ya sauka. A 6061 ƙwayoyin maganiziyam da silikon ne masu siffar allura, kuma su ake nema a T6. Duk matakan da ke tafe dabara ce ta samar da su a daidai girmansu.

Mataki na farko: shiri

Kana buƙatar tanderun lantarki da zai kai digiri 550 kuma ya tsaya a inda aka sa shi, kada ya yi sama ko ƙasa da fiye da digiri 5 zuwa 6. In yana da fanka mai juya iska a ciki ya fi. Kana buƙatar wayar auna zafi nau'in K, ka ɗaura bakinta a jikin kayan da kansu ko a wani guntu mai kauri ɗaya da su, domin abin da allon tanderu ke nunawa zafin iska ne. Wutar gawayi da zuga-zugi ko harshen gas ba su da gurbi a wannan aikin. Dabarar goga sabulu a jira ya yi baƙi tana taimakawa wajen tausasa sanholo, amma zafin da take nunawa ya gaza wanda ake buƙata a nan da fiye da digiri 100.

Wanke kayan tas, ka cire mai, giris da fenti, ka bari su bushe. Danshi a cikin tanderu yana sa iskar haidurojin ta shiga ƙarfen, fatarsa ta yi bororo. Jera su a kwandon waya da tazara tsakaninsu yadda ruwa zai ratsa kowanne, dogaye kuma a rataye su a tsaye. Tankin ruwa ya kasance dab da ƙofar tanderu, taku ɗaya. Ka sa abin kare fuska da safar hannu ta fata, ka tanadi awartaki mai tsawo, ka kuma gwada motsin ciro kwandon da jefa shi a ruwa tun tanderu na sanyi, har hannunka ya saba.

Mataki na biyu: babban gashi

Ka bari tanderu ya kai digiri 530 kafin ka sa kayan 6061. Lissafin lokaci yana farawa ne daga sa'ar da wayar da ke jikin kayan ta nuna sun kai zafin, ba daga rufe ƙofa ba. Faranti mai kaurin milimita 1 yana son minti 30, mai milimita 3 minti 40, mai milimita 6 wajen minti 55, mai milimita 12 awa ɗaya da 'yan mintuna, sannan a ƙara rabin awa a kan kowace milimita 12 da ta ƙaru.

In zafin ya gaza, gamin ba zai narke duka ba, kuma taurin ƙarshe zai gaza. Wannan ana iya gyarawa, a sake daga farko. In zafin ya zarce kuwa, iyakokin ƙwayoyin ƙarfen su ke fara narkewa daga ciki, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Daga waje kayan na iya zama lafiya lau, amma sun zama masu saurin tsagewa, sai dai a mayar da su tukunyar narki. A 6061 akwai sarari, don sai ya wuce digiri 580 yake fara narkewa. A 2024 na jiragen sama kuwa ana gasawa a 495 alhali narkewa na farawa a wajen 502. Digiri bakwai kacal. Wanda ma'auninsa bai tabbata ba, shawarata ya bar 2024 ga masu kayan aiki. Shi 7075 ana gasa shi tsakanin 465 da 480, gwargwadon siffar kayan, shi ma ba ya son wasa.

In an ɗauke wuta a tsakiyar wannan gashin har zafin ya faɗi, kada ka tsoma. Jira wuta ta dawo ko ka tada janareta, a koma 530, a fara ƙirga daga sifiri.

Mataki na uku: tsomawa

Nan ne yawancin aiki ke lalacewa, kuma cikin daƙiƙoƙi. Daga buɗe ƙofar tanderu zuwa nutsewar ƙarshen kayan a ruwa, ƙa'idar da masana'antun jiragen sama ke bi ita ce daƙiƙa 15 ga abin da ya wuce kaurin milimita 2.3, daƙiƙa 10 ga wanda ke tsakanin 0.8 da 2.3, daƙiƙa 7 ko 5 ga waɗanda suka fi haka siranta. Dalili shi ne tsakanin digiri 400 da 290 atam ɗin gamin suna da saurin gudu kuma suna neman fita. In kayan suka yi jinkiri a wannan tsakanin, sai su fito a matsayin manyan ƙwayoyi a iyakokin ƙarfen, inda ba su ƙara tauri, su kuma buɗe hanyar da ruɓewa za ta bi daga baya. Abin da ya fita a nan ya fita, gashi na biyu ba zai same shi ba.

Ruwan ya kasance ƙasa da digiri 38 tun daga fari har ƙarshe. A watannin zafi, tankin da ya wuni a rana a Sakkwato ko Maiduguri yana iya wuce haka tun ba a sa masa komai ba, don haka ka auna shi, ka ajiye a inuwa, in ta kama ka jefa ƙanƙara. Yawansa ma abin lura ne. Kilo ɗaya na sanholo daga digiri 530 zai ɗaga lita 10 na ruwa da fiye da digiri 10, saboda haka ka tanadi aƙalla lita 20 ga kowane kilo, har da nauyin kwandon a lissafi.

Ka tsoma da sauri, tsaye, da gefen da ya fi siranta ko tsawo yana fuskantar ƙasa. Faranti in ya faɗa ruwa a kwance, fuskar ƙasa za ta riga ta sama sanyi, ya fito a murɗe. Da shigarsa za ka ji ƙara, tururi ya lulluɓe shi, kuma wannan rigar tururin tana hana zafi fita. Ka riƙa kaɗa kwandon sama da ƙasa har ƙarar ta mutu, ka bar shi minti biyu ko uku a ciki. Masana'antu kan zuba sinadarin gilaikol a ruwa don rage murɗewar kaya masu siranta, manyan kayan zubi kuma a tsoma su a ruwan zafi don kada su tsage.

Mataki na huɗu: sa'o'in laushi

Da fitowarsa daga ruwa sanholon yana da laushi kusan kamar wanda aka tausasa. Wannan ita ce damarka ta miƙar da abin da ya murɗe, ko lanƙwasa shi zuwa siffar da kake so. Yi shi cikin awa ɗaya ko biyu. Taurin yana fara shigowa nan da nan, kuma a zafin ƙasashenmu ya fi sauri a kan abin da littattafan Turai suka ƙiyasta da ɗaki mai digiri 20. Sanyi yana tsayar da shi: a masana'antun jirage ana adana ƙusoshin ribit na 2017 da 2024 a firiza bayan tsomawa, a ciro su lokacin bugawa, su yi tauri a cikin ramin da aka kafa su. Kai ma in aikin lanƙwasa zai kai gobe, sa kayan a firiza.

In ka bar su haka nan, bayan kwana huɗu sun zama T4. Ga 2024 wannan ya wadatar, haka ake amfani da shi sau da yawa. Ga dangin 6000 kuwa, in T6 kake nema kada ka yi ta jinkiri. Ƙananan tarin da ke haɗuwa a zafin ɗaki suna rage yawan alluran da gashi na biyu zai fitar, a rasa wani ɓangare na ƙarfin. Gama miƙarwa, ka wuce tanderu a ranar.

Faranti masu kauri da aka tsoma suna riƙe da wani ɗauri a cikinsu, don fata ta riga ciki sanyi. Sai ka ɗora a injin yanka, ka cire gefe ɗaya, ka ga sauran ya lanƙwashe. Masana'anta na magance wannan ta hanyar jan farantin da kashi 1.5 zuwa 3 cikin ɗari kafin gashi na biyu, shi ne T651. A ƙaramin shago abin yi shi ne ka yi yankan farko ka bar rara, ka yi gashi, sannan ka yi yankan ƙarshe kaɗan-kaɗan daga kowane gefe.

Mataki na biyar: ƙaramin gashi

Ga 6061 hanya biyu ce sananna: digiri 160 na awa 18, ko digiri 175 na awa 8. Ta farko aka fi yi wa faranti da abin da aka murza, ta biyu ga sandunan da aka tura ta bakin inji. Ga 6063, 175 na awa 8. Ga 7075, digiri 120 na awa 24, wanda ke kai shi wajen MPa 570. Bayan lokaci ya cika a fito da kayan su huce a iska, ba a buƙatar ruwa.

Ƙa'idar ita ce, ƙaramar wuta da dogon lokaci tana ba da tauri mafi girma kuma tana da faɗin kuskure, babbar wuta tana kaiwa da wuri amma ƙololuwarta gajera ce, in ka yi sakaci ka wuce ta. A 175, ƙarin awa ɗaya ba zai yi ɓarna ba. Ƙarin digiri 25 kuwa zai yi. Tanderun gasa burodi na lantarki yana kai wannan zafin, amma na'urarsa kan yi lilo da digiri 15 ko fiye, don haka ka sa taka wayar a ciki, ka ɗora kayan a kan farantin ƙarfe mai kauri a tsakiya, nesa da wayar wuta. A nan ɗauke wuta bai kai na babban gashi muni ba: rubuta sa'o'in da aka samu a cikakken zafi, in wuta ta dawo ka cika sauran.

Wani lokaci da gangan ake wuce ƙololuwar. 7075-T6 mai kauri yana tsagewa a hankali in nauyi da danshi mai gishiri suka haɗu a kansa, don haka ake yi masa gashi hawa biyu, na farko a wajen digiri 107, na biyu sama da 160, ya zama T73. An sadaukar da kashi 10 zuwa 15 na ƙarfinsa, an sayi tsawon rai.

Mataki na shida: tabbatarwa

Kada ka sallami kaya a kan zato. A kowane gashi ka haɗa da 'yan guntaye daga sanda ɗaya da kayan. A ma'aunin tauri na Brinell, 6061 yana nuna wajen 30 a O, 65 a T4, 95 a T6. Masu sandunan taga suna da ɗan ma'aunin Webster mai kama da filaya, ana matsawa a karanta. In ba ka da ko ɗaya, ajiye guntun T6 na masana'anta a matsayin abin kwatance. Ɗora ƙwallon boris tsakanin naka guntun da nasu, ka matse a bais, ka kwance ka dubi ramukan biyu. In naka ya fi faɗi a fili, taurin bai kai ba. Magagari ma yana faɗa: a kan mai laushi yana cushewa yana jan ƙarfen, a kan T6 yana fitar da gari mai tsabta.

In ya gaza, binciki abu huɗu bi da bi: ko gamin ba wanda kake zato ba ne, ko babban gashi bai kai ba, ko an yi jinkirin tsomawa, ko ƙaramin gashi ya zarce. Banda na farko, duk ana gyara su da komawa digiri 530.

Walda, tausasawa da kayan zubi

Walda tana rushe T6 a gefen ɗinkin. Sashen da ya sha zafi, wajen milimita 25 kowane gefe, yana sauka daga MPa 310 zuwa kimanin 165, kuma a nan ne abin hawa ko tsani ke karyewa, kusa da waldar ba a kanta ba. In kayan za su shiga tanderunka, a sake musu dukan matakan bayan walda, kuma a zaɓi sandar cikon da ke amsa gashi, kamar 4643. In ba za su shiga ba, a ƙara kauri a wurin ko a kai ɗinkin inda nauyi bai da yawa. 2024 da 7075 ba a yi musu waldar narki, da ribit ko kusoshi ake haɗa su. Haka nan miƙar da rim ɗin mota ko sandar T6 da harshen gas yana kashe taurin wurin, ko da siffar ta dawo daidai.

In laushi sosai kake so don lanƙwasa mai tsanani, gasa a digiri 415 na awa 2 zuwa 3, ka bar shi a cikin tanderu yana hucewa da kimanin digiri 30 a awa har zuwa 260. Tsoma shi a ruwa kai tsaye daga digiri 415 ɗin zai sa ya sake yin ɗan tauri daga baya.

Ga masu zubi irin na Panteka a Kaduna ko Katako a Yamai, tukunyar girki ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan. Amma mai zuba fuli ko maƙalin inji zai amfana in ya ware tarkacensa. Rim ɗin mota na zubi yawanci gamin A356 ne, mai silikon kashi 7 da ɗan maganiziyam, kuma yana amsa gashi: digiri 540 na awa 4 zuwa 12, tsomawa a ruwa mai zafin 65 ko fiye, sannan digiri 155 na awa 3 zuwa 5. Sai dai maganiziyam yana ƙonewa a duk narki, don haka kada a bar tukunya ta daɗe a wuta bayan ta narke, kada kuma a haɗa rim da gwangwani da fistin a narki ɗaya, don ba wanda zai san zafin da cakudar za ta fara narkewa. Kayan da masana'anta ta zuba da matsin inji, irin murfin injin babur, suna da iska a maƙale a cikinsu, kuma babban gashi zai kumbura ta fatarsu ta yi bororo, saboda haka su ba a sa su a tanderu.